Haɗa iskar metan da kabon dayoksaid: hanyar samar da gas ɗin masana'antu da jigilar zafi

Metan da kabon dayoksaid su ne iskoki biyu da suka fi taka rawa wajen ɗumamar yanayin duniya daga cikin waɗanda ɗan Adam ke fitarwa. Amma kusan shekaru ɗari ke nan da masana kimiyya suka tabbatar cewa idan aka gama su wuri guda a cikin tsananin zafi, sukan rikiɗe su koma wani gas da masana'antu ke matuƙar bukata. Kazalika ta wannan hanya ana iya ɗaukar zafin rana ko na tashar nukiliya daga wani wuri a kai shi wani wuri mai nisa a cikin bututu mai sanyi. Ga bayani a kan yadda fasahar take, da inda aka gwada ta, da kuma dalilan da suka hana ta bunƙasa kamar yadda aka yi fata.

Iskokin guda biyu

Metan ita ce kaso mafi tsoka a cikin iskar gas da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. Tana kuma fitowa daga fadamu da gonakin shinkafa da tumbin shanu da juji da ramukan haƙar kwal. Masanin kimiyyar nan na Italiya, Alessandro Volta, shi ne ya fara tantance ta a shekara ta 1776, bayan da ya tara kumfar da ke tasowa daga taɓon gefen tafkin Maggiore.

Ita kuwa kabon dayoksaid, ita ce abin da ke saura bayan an ƙona kwal ko mai ko gas ko itace. Kafin zamanin masana'antu yawanta a sararin samaniya bai wuce kashi 280 cikin miliyan ɗaya ba, amma ya zuwa shekara ta 2023 ya kai wajen kashi 420.

Metan ba ta daɗewa a sama kamar takwararta, domin a cikin shekaru kamar 12 takan rushe. Sai dai kafin ta rushe tana riƙe zafi ƙwarai da gaske. Bisa ga rahoton da kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a shekara ta 2021, a tsawon shekaru 20 tan ɗaya na metan yana ɗumama duniya kamar tan 80 na kabon dayoksaid, a tsawon shekaru 100 kuma kamar tan 27 zuwa 30. Wannan ne ya sa a taron yanayi na birnin Glasgow a shekarar ƙasashe fiye da ɗari suka yi alƙawarin rage metan da ake fitarwa a duniya da kashi 30 cikin ɗari kafin shekara ta 2030.

Abin da ke faruwa a cikin tanderu

Iskokin biyu dukansu masu taurin kai ne. Ana iya zuba su a cikin tulu ɗaya su shekara ba tare da ɗaya ta taɓa ɗaya ba. Kafin su haɗu sai an cika sharuɗɗa biyu.

Na farko shi ne zafi. Sauyin ba ya fara kankama sai an haura digiri 640 a ma'aunin Salsiyos, kuma a aikace akan kai digiri 800 zuwa 1000 domin a sami sakamako mai yawa.

Na biyu shi ne abin da masana ke kira katalis, wato wani ƙarfe ko sinadari da ke zaburar da sauyin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Akan barbaɗa ƙananan ƙwayoyin ƙarfen a jikin tsakuwoyin yumɓu masu ƙofofi, a cika dogayen bututan ƙarfe da su, sa'annan a tura iskokin su ratsa ta ciki a yayin da ake gasa bututan daga waje.

A jikin ƙarfen ne ƙwayar metan ke tsinkewa, ta rabu gida biyu: kabon da haidirojin. Ita ma kabon dayoksaid takan saki ɗaya daga cikin ƙwayoyin oksijin biyu da take ɗauke da su, wannan oksijin kuma ya kama kabon ɗin da metan ta bari. A ƙarshe ƙwaya ɗaya ta metan da ɗaya ta kabon dayoksaid sukan haifar da ƙwayoyi biyu na kabon monoksaid da biyu na haidirojin. Masana na rubuta shi kamar haka:

CH4 + CO2 → 2CO + 2H2

Idan aka auna da nauyi, giram 16 na metan yana cin giram 44 na kabon dayoksaid. Ke nan tan ɗaya na metan yana lashe tan biyu da kashi uku cikin huɗu na kabon dayoksaid.

Wannan sauyi mai shan zafi ne. Kowane giram 16 na metan yana bukatar kilojul 247, wanda ya yi daidai da fiye da kilowat huɗu na wutar lantarki na tsawon sa'a guda a kan kowane kilo ɗaya. Zafin ba ɓacewa yake yi ba, yana nan a ajiye a cikin sabon gas ɗin. Idan aka ƙona gas ɗin da ya fito, yakan ba da zafin da ya zarce na metan ɗin da aka fara da ita da kimanin kashi 30 cikin ɗari. A kan wannan ƙari ne aka gina tunanin jigilar zafi baki ɗaya.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan yaɗuwa nesa ba kusa ba, wadda a cikinta ake haɗa metan da tururin ruwa. Ita ce ke samar da mafi yawan haidirojin da ake yin takin zamani da shi a duniya, kuma tana bukatar kilojul 206. Saboda hanyar kabon dayoksaid ba ta bukatar ruwa ne masana suka laƙaba mata suna busasshen sauyi.

Amfanin singas

Gamayyar kabon monoksaid da haidirojin ita ake kira singas, wato gas ɗin da ake harhaɗa wasu sinadarai da shi. Matsayinsa a masana'antar sinadarai kamar matsayin gari ne a ɗakin girki: daga gare shi ake yin metanol, da sinadarin asid ɗin da ke cikin binigar, da kakin masana'antu, da man dizal da na jiragen sama, da kuma abubuwan da ake yin roba da sabulu da fenti da su.

Sai dai kowace sana'a da irin haɗin da take so. Hanyar tururi tana ba da kashi uku na haidirojin a kan kashi ɗaya na kabon monoksaid. Busasshen sauyi yana ba da ɗaya da ɗaya, wani lokaci ma haidirojin ya gaza haka, domin wani ɓangare nasa yakan haɗu da kabon dayoksaid ya koma ruwa. Masu yin metanol da masu yin man dizal suna bukatar kimanin biyu da ɗaya. Masu yin sinadaran da ake kira okso, bisa dabarar da Otto Roelen ya gano a Jamus a shekara ta 1938, su kuma ɗaya da ɗaya suke nema.

Don haka a masana'antu da dama ba a ɗaukar hanya guda a bar ɗaya. Akan gauraya tururi da kabon dayoksaid, wani zubin har da oksijin, gwargwadon haɗin da ake bukata.

Asalin binciken

Tarihin wannan fasaha yana komawa ne ga cibiyar binciken kwal ta Kaiser Wilhelm da ke garin Mülheim a yankin Ruhr na ƙasar Jamus. A nan ne Franz Fischer da Hans Tropsch suka ƙirƙiro dabarar mayar da singas ya zama mai a shekara ta 1925. Jamus ƙasa ce mai arzikin kwal amma ba ta da man fetur na a zo a gani, shi ya sa ta ba wa binciken muhimmanci.

A shekara ta 1928 mutanen biyu suka wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi na haɗa metan da kabon dayoksaid a kan ƙarafa daban-daban, inda nikel da kobalt suka fi nuna ƙwazo. Tun a lokacin aka lura da matsalar da har yanzu masu bincike ke fama da ita, wato taruwar baƙin kabon a jikin katalis.

Dabarar Fischer da Tropsch ta yin mai ta ci gaba da rayuwa. Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya fara amfani da ita a garin Sasolburg a shekara ta 1955. A ƙasar Katar kamfanin Shell ya buɗe tashar Pearl a shekara ta 2011, mai iya fitar da ganga dubu 140 a rana daga iskar gas. A Nijeriya ma tashar Escravos da ke jihar Delta ta fara aiki a shekara ta 2014 a kan wannan dabara. Amma waɗannan manyan tashoshi da oksijin da tururi suke yin nasu singas ɗin.

Matsalar kunkunniya

Babban abin da ya dabaibaye busasshen sauyi shi ne kabon da ke taruwa kamar kunkunniya. Yana fitowa ne ta ƙofa biyu. Idan zafi ya yi yawa, metan takan tsinke da sauri fiye da yadda oksijin zai iya kwashe kabon ɗin. Idan kuma zafin ya ragu, kamar a bakin bututu ko a wajen da gas ke hucewa, ƙwayoyi biyu na kabon monoksaid sukan haɗu su ajiye kabon su koma kabon dayoksaid. Wannan sauyi na biyu ana kiransa da sunan masanin Faransa Octave Boudouard.

A hanyar tururi, yawan ruwan da ake zubawa yana wanke kabon ɗin. A busasshiyar hanya kuwa iskokin biyu dukansu kabon suke ɗauke da shi, babu kuma ruwan da zai share.

A kan nikel matsalar ta fi muni. Kabon yakan narke ya shiga cikin ƙwayar ƙarfen, ya ɓullo ta bayanta a matsayin siririn zare, ya ɗaga ta daga mazauninta. Zarurrukan suna da ƙarfin da za su iya farfasa tsakuwoyin katalis su mayar da su gari. Da zarar haka ta faru sai bututu ya toshe, gas ya daina ratsawa, wurin ya yi jajir da zafi tun da babu abin da ke shanye shi, daga ƙarshe ƙarfen bututun ya lalace.

Ƙarafa masu daraja irin su rodiyom da ruteniyom ba su cika tara kabon ba, amma tsadarsu ta sa da wuya a cika manyan tanderu da su. Wata matsalar kuma ita ce, a irin wannan zafi ƙananan ƙwayoyin ƙarfe sukan tattaru su dunƙule, aikinsu ya ragu, kuma manyan ƙwayoyi sun fi saurin haifar da zaren kabon.

Akwai kuma batun matsi. Tun da ƙwayoyi biyu ne ke komawa huɗu, gas ɗin yana ninka girmansa, saboda haka sauyin ya fi tafiya daidai idan matsi kaɗan ne. Amma masana'antu suna son singas mai matsin da ya ninka na iskar duniya sau 20 ko fiye, domin matse shi daga baya aiki ne mai cin kuɗi. Ƙara matsi kuwa yana rage sakamako, yana kuma ƙara kunkunniya.

Inda ake amfani da fasahar

Duk da haka an sami hanyoyin zagaye matsalar. Kamfanin Haldor Topsøe na ƙasar Denmark ya fito da dabarar da ya kira SPARG, inda ake sanya ɗan kaɗan na sinadarin farar wuta a cikin gas. Farar wuta guba ce ga nikel, amma idan aka auna ta daidai takan rufe wuraren da kabon ke fara taruwa, ta bar isasshen fili ga sauyin da ake so. An fara amfani da dabarar a wata masana'antar sinadarai a jihar Texas ta Amurka a shekara ta 1987. A Jamus kuma kamfanin Caloric yana da tasa dabarar mai suna CALCOR, ta samar da tsantsar kabon monoksaid.

Wurin da aka fi cin moriyar kabon dayoksaid ta wannan fuska shi ne masana'antar ƙarafa. A dabarar Midrex, wadda aka fara aiki da ita a Amurka a shekara ta 1969, ana tura singas mai zafi ya ratsa duwatsun tama domin ya cire musu oksijin. Gas ɗin da ke fitowa daga saman tanderu yana ɗauke da kabon dayoksaid da tururi, sai a gauraya shi da sabuwar metan a mayar da shi kan nikel ya sake zama singas. A kan wannan dabara aka gina kamfanin ƙarafa na Delta da ke Aladja a Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a shekara ta 1982.

A shekara ta 2015 kamfanin Linde ya buɗe wata tashar gwaji a Pullach kusa da birnin Munich, inda shi da kamfanin BASF suka gwada sabbin nau'o'in katalis masu jure aiki da tururi kaɗan da kabon dayoksaid mai yawa. A shekara ta 2020 kuma masu bincike na cibiyar KAIST da ke Koriya ta Kudu, tare da haɗin gwiwar kamfanin mai na Saudi Aramco, suka ba da rahoton wani katalis na nikel da molibdenom da ya yi aiki fiye da sa'o'i 850 ba tare da ya tara kabon ba. Wannan ci gaba ne a ɗakin gwaji, amma katalis ɗin masana'anta ana sa ran ya yi shekaru yana aiki kafin a canja shi.

Jigilar zafi a cikin bututu

Zafi abu ne mai wuyar ɗauka. Ruwan zafi ko tururi da aka tura a bututu yana hucewa a hanya komai kyawun rufin da aka yi wa bututun, saboda haka tsarin ɗumama gidaje na biranen Turai ba ya wuce 'yan gomman kilomitoci. Idan kuma aka mayar da zafi ya zama wutar lantarki, akan yi asarar fiye da rabinsa tun a tashar.

Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a ɓoye zafin a cikin sinadari. A wurin da ake da zafi mai yawa, sai a yi amfani da shi a mayar da metan ta zama singas. A shayar da singas ɗin ya huce, a tura shi cikin bututu na yau da kullum zuwa birni ko masana'anta. Tun da gas ɗin sanyi gare shi, babu zafin da zai tsere a hanya, kuma ana iya ajiye shi a tanki har zuwa lokacin da ake bukata.

A can inda za a yi amfani da shi sai a juya sauyin. Idan singas ya ratsa wani katalis na nikel a zafin da bai kai na farko ba, yakan koma metan, ya saki zafin da ya sha. Paul Sabatier da Jean-Baptiste Senderens na Faransa ne suka gano wannan sauyi na komawa metan a shekara ta 1902. Zafin da ke fitowa yana iya kaiwa digiri 600 ko fiye, wanda ya isa a tafasa tururi don masana'antu ko a juya injin lantarki. Daga nan sai a mayar da metan ɗin ta bututu na biyu zuwa inda ta fito. A wannan kewaye ba a ƙona komai, babu kuma hayaƙin da ke fita. Iskar dako kawai take yi.

Adamu da Hauwa'u na garin Jülich

Gwaji mafi girma da aka yi wa wannan tunani an yi shi ne a cibiyar binciken nukiliya ta Jülich da ke yammacin Jamus, bayan rikicin man fetur na shekara ta 1973. Cibiyar tana da wata tukunyar nukiliya ta gwaji mai suna AVR, wadda ake sanyaya ta da iskar heliyom, kuma a shekara ta 1974 ta kai ga fitar da heliyom mai zafin digiri 950. Masana suka ga cewa irin wannan zafi ya wuce a taƙaita shi ga yin lantarki kawai.

Tare da haɗin gwiwar kamfanin haƙar kwal na Rheinbraun aka gina na'urori biyu. Wadda ke shan zafi aka kira ta EVA, wadda ke sakin zafi kuma ADAM. Sunayen gajerun kalmomin Jamusanci ne da ke bayyana na'urorin, amma sun yi daidai da sunayen Hauwa'u da Adamu a harshen. A farkon shekarun 1980 aka kunna babbar tashar gwajin, mai bututai 30. Ba a haɗa ta da tukunyar nukiliya ba. An yi amfani ne da wutar lantarki mai ƙarfin megawat 10 wajen gasa heliyom ɗin, domin a kwaikwayi yanayin da za a samu a tashar gaske.

A Jülich da tururi aka yi aikin. Gwajin ya nuna cewa kewayen yana aiki na tsawon dubban sa'o'i. Amma ba a taɓa gina shi don kasuwanci ba. A shekara ta 1986 farashin mai ya faɗi warwas, a shekarar ce kuma aka yi hatsarin tashar Chernobyl, wanda ya daɗa juya ra'ayin Jamusawa ga barin nukiliya. An rufe AVR a shekara ta 1988, aka rufe babbar tasha irinta mai suna THTR-300 a shekara ta 1989. Abin da ya saura daga aikin shi ne ƙwarewar da aka samu wajen mayar da singas ya zama metan a zafi mai yawa, wadda kamfanin Topsøe ya ci gaba da amfani da ita a tashoshin yin gas daga kwal.

Daga nukiliya zuwa hasken rana

Masu binciken makamashin rana su ne suka karkata ga kabon dayoksaid. A shekara ta 1980 Talbot Chubb na cibiyar binciken sojojin ruwan Amurka ya wallafa nazari a kan amfani da kewayen metan da kabon dayoksaid a wani tsari da ya kira Solchem, inda madubai masu yawa za su tara zafi su aika da shi a siffar gas zuwa tasha guda.

Dalilan wannan zaɓi a bayyane suke. Wuraren da rana ta fi ƙarfi hamada ce, inda ruwa ke da wuya. Busasshen sauyi yana ajiye zafi fiye da na tururi da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Haka nan ba a bukatar tafasa ruwa kowace safiya, abin da ke sauƙaƙa aiki ga tashar da ke tashi da hantsi ta kwanta da magariba.

A ƙarshen shekarun 1980 cibiyar Sandia ta Amurka da hukumar binciken sararin samaniya ta Jamus suka gudanar da gwajin CAESAR a garin Lampoldshausen. Maimakon a gasa bututu daga waje, sai aka sa wani babban madubi mai siffar akushi ya tara hasken rana, ya harba shi ta tagar gilashi kai tsaye a kan wani faifan yumɓu mai ƙofofi kamar soso, wanda aka shafe da rodiyom. Na'urar ta sha zafin rana har kilowat 97, ta kuma sauya kashi 70 cikin ɗari na metan ɗin da aka tura mata. A lokacin da ta fi ƙwazo, kashi 54 cikin ɗari na ƙarfin ranar ya shiga cikin gas. Sai dai faifan ya tsattsage, katalis ɗin kuma ya raunana saboda hawa da saukar zafi.

A cibiyar Weizmann da ke Rehovot a Isra'ila, Farfesa Moshe Levy da abokan aikinsa sun haɗa cikakken kewaye, daga shan zafi har zuwa sakinsa, da burin wata rana a ɗauko zafin hamadar Negev zuwa yankunan masana'antu. Daga bisani, a cikin shekarun 1990, aka gwada na'ura mai ƙarfin kilowat 480 a hasumiyar rana ta cibiyar. A Ostireliya kuma masana na jami'ar ƙasa da ke Canberra sun bi irin wannan tunani, amma da sinadarin amoniya.

Abin da ya hana ruwa gudu

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da ya kai ga shimfiɗa bututun jigilar zafi na kasuwanci. Dalili na farko kuɗi ne: ana bukatar bututu biyu, na zuwa da na dawowa, da injinan tura gas waɗanda su ma makamashi suke ci. Singas ba shi da nauyin makamashi kamar metan, kuma a rufaffen kewaye ba a cin moriyar komai daga cikinsa sai ƙarin nan na kimanin kashi 30 cikin ɗari. Ke nan ana tura gas mai yawa domin a isar da zafi kaɗan.

Na biyu shi ne hatsari. Kabon monoksaid guba ce marar launi marar wari, haidirojin kuma yana saurin tsiyaya yana saurin kama wuta. Ratsa unguwanni da irin wannan bututu yana bukatar tsauraran matakan tsaro.

Na uku, gajimare guda idan ya gifta yana iya saukar da zafin na'ura da ɗaruruwan digiri cikin 'yan mintoci, kuma a irin wannan tsakani ne kabon ya fi taruwa.

Na huɗu kuma, abokan gasa sun sha gaba. Tsakanin shekara ta 2010 da ta 2020 farashin wutar da ake samu daga faifan sola ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Dogayen wayoyin lantarki suna kai wuta nisan dubban kilomitoci da asara kaɗan. Tashoshin da ke tara zafin rana su ma sun koma ajiye shi a cikin narkakken gishiri, kamar tashar Gemasolar da ke kusa da birnin Seville na Spain, wadda ta fara aiki a shekara ta 2011 da ajiyar da ke kaiwa sa'o'i 15.

Shin maganin ɗumamar yanayi ce?

Sau da yawa akan gabatar da busasshen sauyi a matsayin jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Lissafin yana bukatar taka tsantsan.

Idan da iskar gas aka hura tanderun, to kusan kashi ɗaya cikin uku na kabon dayoksaid da aka shanye zai sake fita ta bututun hayaƙi, a aikace ma fiye da haka. Idan kuma singas ɗin mai aka yi da shi, ranar da aka ƙona man dukkan kabon ɗin zai koma sama. Ribar gaske tana samuwa ne idan zafin ya fito daga rana ko iska ko nukiliya, ko kuma idan abin da aka ƙera mai daɗewa ne kamar roba.

Akwai kuma batun girma. A shekara ta 2023 duniya ta fitar da kabon dayoksaid kimanin tan miliyan dubu 37 daga ƙona kwal da mai da gas da kuma yin siminti, alhali dukkan metanol ɗin da ake yi a shekara bai wuce kimanin tan miliyan ɗari da 'yan kai ba. Ko da masana'antar sinadarai baki ɗayanta ta rungumi fasahar, abin da za ta shanye ɗan kaɗan ne daga cikin hayaƙin.

Inda fasahar ta fi dacewa shi ne wuraren da iskokin biyu ke fitowa a gauraye tun asali. Bayogas da ake samu daga kashin dabbobi da shara yana ɗauke da metan kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, sauran kuma mafi yawansa kabon dayoksaid ne. Haka nan akwai rijiyoyin gas irin na Natuna ta Gabas a tekun Indunusiya, da aka gano a shekara ta 1973, waɗanda kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da ke cikinsu kabon dayoksaid ne, lamarin da ya sa aka shafe shekaru da dama ba a haƙo su ba saboda tsadar tacewa.

Komawa Jülich

A 'yan shekarun nan hankalin masu bincike ya bar batun rufaffen kewaye, ya koma ga yin mai kai tsaye da zafi mai tsabta. A shekara ta 2019 masana daga Denmark suka nuna cewa ana iya gasa katalis da wutar lantarki daga cikin bututun kansa, abin da zai rage girman tanderu ƙwarai, ya kuma kawar da bututun hayaƙi.

A watan Yunin shekara ta 2024 kamfanin Synhelion na ƙasar Suwizalan, wanda ya samo asali daga jami'ar fasaha ta Zurich, ya ƙaddamar da wata tasha mai suna DAWN a garin Jülich, inda aka yi gwajin EVA da ADAM shekaru arba'in da suka gabata. A tashar madubai ne ke tara hasken rana a kan hasumiya, da zafin kuma ake haɗa metan da kabon dayoksaid na bayogas tare da tururi a sami singas, sa'annan a bi dabarar Fischer da Tropsch a mayar da shi ɗanyen mai na roba, wanda matatu za su iya tacewa ya zama man jirgin sama ko dizal. Tashar ƙarama ce ta nuni, kuma an yi mata rumbun ajiye zafi domin aikin ya ci gaba bayan faɗuwar rana.

Kamfanonin jiragen sama na daga cikin masu bin wannan aiki sau da ƙafa, domin Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta wajabta gauraya man jirgi da mai mai tsabta daga shekara ta 2025, a fara da kashi biyu cikin ɗari, a riƙa ƙarawa har ya kai kashi 70 a shekara ta 2050. Ko fasahar za ta sami rabo a wannan kasuwa ya danganta ne ga abubuwa biyu da suka addabe ta tun zamanin Fischer da Tropsch: samun katalis mai araha da zai yi shekaru bai toshe ba, da samun zafin digiri 900 a farashin da masana'antu za su iya biya.